Likkafanin Inna a Kan Wayar Wuta

Talata, 20 ga Mayu

Sai da Malam ya sa ƙafa ya tafi aikin hajji sannan gidan nan ya tashi watsewa. Jiya bayan la'asar aka yi hadari da iska irin wadda ban taɓa gani ba tun da aka kawo ni garin nan. Ta yaye kwanon ɗakin Inna gefe guda, ta karya reshen darbejiya, ta tafi da igiyar shanyarmu. An ce turakun wuta duk sun kwanta a hanyar Gezawa. Namu na bayan katanga bai faɗi ba, ya dai karkace. Wayar da ta taso daga kansa zuwa mitarmu ta fizge daga ƙusarta, ta sauko ta ratsa tsakar gida ta maƙale a darbejiya. Ga ta nan daidai kafaɗata, daga katanga har bakin rumbu.

Babu wuta ko'ina. Na kashe babban makunnin da ke jikin mita, na zare firji da dutsen guga, don iyakar abin da na san ana yi ke nan. Ko ya isa, oho.

Abu biyu Malam ya bar min da zai tafi. Kada a taɓa komai na wuta sai ya dawo, kuma in bi mahaifiyarsa, wato Inna, a hankali. Na ce to. A lokacin ban ga wahalar ko ɗaya ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Abdulhadi, ƙanin Malam, ya zo ya mayar da kwanon ɗakin Inna. Na nuna masa wayar. Ya kama ta da hannu ya girgiza yana dariya, wai "Matar Yaya, wannan ai gawa ce, me za ta yi miki?" Ya ce zai gaya wa mai unguwa a sanar da masu gyara.

Da ya tafi na shanya kayan 'yata Ramlat a kai. Allah na tuba, ta fi tsohuwar igiyarmu daɗin shanya, ba ta lanƙwasawa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Wayar hannuna ta mutu, fitila mai caji ta mutu, famfon unguwa ya tsaya, mun koma rijiya. Lasifikar masallaci ma ta yi shiru, ladan da maƙogwaronsa yake fama, da kyar muke jin sa. Da rana nake wannan rubutun yanzu.

Lahadi, 25 ga Mayu

Gidanmu ya zama gidan shanya. Matan da nake wa karatu da hantsi kowacce da ɗan wankinta take zuwa. Ramlat kuwa, da shekarunta biyar da rashin jin magana, ta gano in ta taka turmi tana kaiwa, sai lilo take. Na kwaɗe ta, Inna ta kwaɗe ni da baki. Ta ce kurciyoyi ma suna zama a kai tun ana da wuta, wa ya taɓa ganin kurciya ta faɗo?

Gaskiya ne kuma.

Talata, 27 ga Mayu

Yau kaina ya kulle, bari in bi shi daki-daki ko zan gane.

Da safe Inna ta buɗe akwatinta, ashe ruwan ranar nan ya shiga. Likkafaninta da take ajiye da shi tun rasuwar mijinta ya yi danshi, har ya fara warin fumfuna. Ta ƙi yarda in wanke mata. Da hannunta ta wanke, ta ja jiki ta shanya shi a kan wayar, fari tas, dogo, ƙarshensa na reto kusa da dangar langa-langa.

Bayan azahar Zulaihatu maƙwabciyata ta dawo daga Gezawa, ta kai mana caji wurin masu sola. Ita ta zo da labarin: an ɗaga turakun can, kuma a ƙauyen da ke gaba da mu wuta ta dawo jiya da rana tsaka, ba sallama. Wai injin niƙan wata mata da aka manta a kunne shi kaɗai ya tashi yana ihu. Kuma ta ji a rediyo ana cewa wayar da ta faɗi kada a taɓa, ko da sanda, a nisance ta a sanar.

Na ce ai ni na kashe makunni. Sai na je na tsaya gaban mitar ina bin wayar da ido. Daga turke take tasowa, ta ratsa tsakar gida, sannan ta iso makunnin. Oh ni Tahira! Ashe ƙofar ɗaki na kulle, baƙon kuwa ta tsakar gida zai fara bi.

Na kwashe Ramlat na tura ta ɗaki. Na koma zan sauke likkafanin, iska ta riga ta nannaɗe shi a jiki, daidai wurin da robar wayar ta saluɓe. Na ɗaga hannu na kasa. Wayar da na taɓa da safen nan fa! Na ɗauko gora na ɗan zungura, sai wayar ta ƙara saukowa, turken ya yi wata ƙara. Na yar da gorar.

Laraba, 28 ga Mayu

Na yi abin da ban san ko hankali ne ko hauka ba. Ƙayar magaryar da Abdulhadi ya tara a ƙofar gida zai kai shingen gona, ita na jawo reshe-reshe na kewaye wayar gaba da baya, daga katanga har rumbu. Hannuwana duk sun tsage. Likkafanin yana ciki.

Inna ta fito alwala ta tsaya. Ta ce, "Akuya aka kawo gidan?" Na durƙusa na yi mata bayani. Ta ce in miƙo mata kayanta. Na ce Inna ki yi haƙuri, sai masu gyara sun zo. Ta ce, "A gidan da na haifi mai shi?"

Tunda nake ban taɓa ce mata a'a ba. Bakina har yanzu wani iri nake jin sa.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ta mayar min da kwanon tuwo ko buɗewa ba ta yi ba. Daga gidan Abdulhadi ake kawo mata yanzu.

Asabar, 31 ga Mayu

Abdulhadi ya shigo da zafinsa. Ya ce wannan wane irin abu ne, in matsa ya tsallaka ya ciro likkafanin, ƙiftawar ido ce. Na tambaye shi ko ya gaya wa mai unguwa. Ya sosa ƙeya, wai shuka ce ta sha kansa, an samu ruwa kowa yana gona. Ya fara janye ƙayar, ni kuma na zauna daɓas a wurin na ce sai dai ya tsallake ni. Ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba, ya daina.

Ya ce, "To in ba a kawo wutar ba sai bayan salla fa? Ko sai kaka?" Shi ya taɓa, ni na taɓa, matan unguwa duk sun taɓa, ba wanda ko tari ya yi. To me nake tsaro? Abin da bai zo ba, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa. In na faɗa da baki ni kaina sai in ji kamar zancen mai taɓin hankali.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na sa hijabi na je gidan mai unguwa da ƙafata. Ban nemi izinin kowa ba, don wanda zan nema wurinsa yana Makka. Ya karɓe ni da mutunci, ya kira masu gyaran a gabana. Sun ce layi-layi suke bi, ɓarnar da yawa, za su iso, kada kowa ya kusanci wayar. Na ji sanyi. Ina miƙewa ya ce, "Amma 'yata, a sauke farin abin nan, mutane na magana."

To ta yaya za a sauke ba a kusanta ba? Ban tambaya ba, na dai ce to.

Talata, 3 ga Yuni

Inna lillahi. Wata tsohuwa daga unguwar gabas ta yi sallama da hantsi, ta zauna ta ɗaga hannu tana "Allah ya jiƙan Malam, ya mutu a wuri mai kyau." Wai ta ji an ce an shanya likkafani a gidan Malam Hashimu, shi kuwa yana Saudiyya. Na san ƙarya ne, amma sai da na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Ɗalibaina ma sun ragu. Zulaihatu ta ce wasu cewa suke fatan mutuwa nake wa tsohuwa. Ni? Ni da nake tashi in dafa mata ruwan alwala?

Laraba, 4 ga Yuni

Na samu Malam a wayar hannu, suna shirin fita Mina, hayaniya ta ko'ina. Na zayyana masa komai da sauri. Ya ce, "Kada kowa ya taɓa wayar nan." Na ce to. Ya ce, "Kuma ki ba Inna abinta, kada ki ɓata mata." Na ce Malam ai abin nata a jikin wayar yake. Ya ce Allah ya yi min albarka, motarsu za ta tashi.

Na zauna da wayar a hannu kamar wadda aka aika kasuwa biyu a rana ɗaya.

Juma'a, 6 ga Yuni, Babbar Salla

Ban taɓa salla marar daɗi irin ta yau ba. Abdulhadi ya yanka ragon Malam bayan an sauko idi. Ba firji, dole a shanya nama kafin suya, kowa kuma idonsa a kan wayar don nan ne wuri mai iska. Na ɗaura igiya a bayan madafa, wuri matsattse, ƙuda kamar me. Dangi suka cika gida da sababbin kaya, ana gaisawa ana satar kallon farin ƙyallen nan yana kaɗawa a cikin ƙaya. Ruwan sama ya dake shi, rana ta dake shi, kurciyoyi sun ɓata shi.

Da yamma na kai wa Inna hanta gasasshiya, don ita ake fara ba wa kullum. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta ce, "Tahira, abu ɗaya na tanada wa kaina a duniya, ban taɓa bari ko ɗana ya gani ba. Kin shanya ni a gaban mutane ina da rai." Hawaye na bin kuncinta.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Asabar, 7 ga Yuni

Na gaji. Ba wuta, ba masu gyara, ba mai yi min magana a gidan nan sai Ramlat. Wataƙila ni ce ban da gaskiya tun farko. Gobe in Allah ya kai mu zan sa takalmin roba in shiga in warware likkafanin da hannuna, in wanke, in goge, in kai mata in roƙi gafara. Minti ɗaya ne. Kowa ya ce minti ɗaya ne.

Lahadi, 8 ga Yuni

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi.

An yi ruwa da safe. Na ce bari likkafanin ya ɗan sha iska tukuna. Bayan azahar rana ta fito, na janye ƙaya na buɗe hanya daidai shigar mutum ɗaya. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallona. Kurciyoyi biyu na kan wayar abinsu. Na ga wani ɗan tururi siriri yana tashi daga likkafanin, na ce a raina rana ce take busar da shi. Na shiga ɗaki neman takalman robar Malam na gona, na samu ƙafa ɗaya, ɗayar Ramlat ta kai wani wuri. Ina ta tone-tone a ƙarƙashin gado.

Sai na ji kiran sallar la'asar. Rangaɗau, kamar a cikin ɗakin. Har na amsa kabbara ta farko kafin abin ya faɗo min: lasifika ce. Lasifikar masallaci! An kawo wuta, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Mu ba mu sani ba don ni da hannuna na kashe makunnin gidan, ba ƙwan lantarki ko ɗaya da zai kama ya gaya mana.

Ban san yadda na fito ba. Inna ta riga ta shiga hanyar da na buɗe, sandarta a hannu ɗaya, ɗayan hannun a miƙe. Ban kira ta ba, don na san in na kira sauri za ta ƙara. Na rungumo ta ta baya na ɗaga ta cak, ashe ba ta da nauyi ko kaɗan, muka zube tare a cikin ƙayar. Tana dukana da gwiwar hannu tana "Sake ni, 'yar nema!" Ni da ko ido ba na haɗawa da ita.

Muna nan kwance iska ta kaɗa ƙarshen likkafanin ya manne da langa-langar. Ji kake tas! tas! kamar an watsa ruwa a mai. Tartsatsi ya tashi, kurciyoyin suka watse, wari ya cika gidan. Wurin da ya naɗe a wayar ya yi ja, ya yi baƙi, ya cinye, ƙyallen ya rabe biyu ya faɗo cikin taɓo yana hayaƙi.

Inna ta daina dukana. Ta kalli hannunta, ta kalli abin da ke ƙasa. Can ta ce, "To. Ya tafi babu ni."

Na ɗauka kuka za ta yi. Sai na ji kafaɗunta na girgiza a ƙirjina, ashe dariya ce, ni ce mai kukan. Zulaihatu ta leƙo ta katanga tana murna an kawo wuta, ta gan mu a cikin ƙaya ta ƙwalla salati.

Na mayar da shingen na toshe. Na aika aka gaya wa mai unguwa, ya sa aka kashe layinmu daga can.

Abin da na kasa cirewa a raina: hanyar nan ni na buɗe ta. Da takalmin nan bai ɓata ba, ni ce a wurin. Da ya ɓata kuma, ita ce. To tsayuwar da na yi ce daidai ko gajiyar da na yi? Ban sani ba, ban sani ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Inna ta sa na zauna a gabanta ta cire min ƙayoyin baya da allura. Ba tausayi a hannun nan nata. Ta ci tuwona, ta ce gishiri ya yi yawa, ta cinye.

Laraba, 11 ga Yuni

Masu gyara sun zo, sun miƙar da turken, sun cire tsohuwar wayar. Babbansu ya tambayi ta inda za a bi da sabuwa. Abdulhadi na tsaye, ya buɗe baki, sai ya juyo ya kalle ni. Na ce ta bayan rumbu, can sama, kada ta sake ratsa tsakar gida, kuma duk ranar da aka ɗauke a riƙa barin ƙwan zaure a kunne don mu san dawowarta. Sai da suka hau tsani na tuna ban ce sai Malam ya dawo ba. Ba wani abu ba ne, su ne suke sauri.

Malam ya kira da yamma, murya duk ta dishe. Inna ta karɓi wayar ta ce ya taho mata da farin yadi a wanke da zamzam, amma kada ya ɗauka gaggawa take. Da ta gama ta kwance makullin akwatinta daga bakin zani ta jefo min a cinya, wai idonta ba ya ganin ramin kwaɗon yanzu. Jiya fa na ga ta zura zare a allura.

Malam ya tambaye ni ya gida. Na ce lafiya lau. Sauran in ya dawo na ga abin da zan gaya masa.

Abdulhadi ya ce zai zo ya kwashi ƙayarsa, awaki na shiga gona. Na ce ya sari wata, wannan a bar min ita a bayan rumbu.